Kama da Wane Ba Ta Wane: Tsakanin "Migrant" da "Immigrant"



Akwai kalmomi biyu na Turanci da suka daɗe suna yawo a bakunanmu da takardunmu ba tare da an tsaya an tantance su ba, su ne "migrant" da "immigrant". A rubuce haruffa biyu ne suka raba su. A kunnen wanda bai yi nisa a boko ba kuwa kusan abu guda ne, domin mai saurin magana yakan haɗiye gaɓar farko ya wuce. Amma a teburin hukuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar da ke tsakanin mai gida da wanda aka ba masauki. Mu da aikinmu ya zama karanta wa dattawa wasiƙu, da rubuta koke a madadin unguwa, da zama a tarukan da ake yanke shawara kan Zango da harshen da yawancin iyayenmu ba sa ji, mun ga isasshen abin da zai sa mu buɗe baki. Duk wanda ya kira jama'ar Zango "immigrants" a dunƙule ya yi kuskuren lugga, ya yi kuskuren tarihi, kuma yana tona ramin da aka taɓa jefa iyayenmu a ciki. Abin takaicin shi ne, a yau 'ya'yanmu na cikin waɗanda suka fi kowa yin wannan kira.

Wanda ya zauna gaban malami a zaure ba ya bukatar dogon bayani kan haɗarin harafi. Tun muna yara aka hore mu a kan bambancin ƙalbu da kalbu, ɗaya zuciya ɗaya kare, kuma babu malamin da ya taɓa karɓar uzurin cewa ai sun yi kama. Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna bambancin faƙiri da miskini domin rabon zakka ya ambaci kowannensu daban. Abu Hilalil Askari ya wallafa littafi sukutum, Alfuruƙ, don rarrabe kalmomin Larabci da jama'a ke ɗauka ɗaya ne. A Hausarmu ma, wanda ya kasa raba kura da ƙura, ko baki da baƙi, yara ne za su fara yi masa dariya. To don me idan aka zo kan Turanci, harshen da ake rubuta dokar ƙasar nan da shi, sai mu ce duk kanwar ja ce?

Ga ma'anar kowace. Tushensu ɗaya ne, wata kalmar Latin, "migrare", mai nufin tashi daga wuri zuwa wuri. "Migrant" shi ne duk wanda ya bar inda yake ya koma wani wuri don neman abinci ko aiki ko tsira, ko ya tsallaka iyakar ƙasa ko bai tsallaka ba, ko zai daɗe ko zai koma gida da faɗuwar damina. Har tsuntsaye Turawa na siffantawa da ita, irin shamuwa da ke zuwa da ruwa ta tafi da kaka. "Immigrant" kuwa an ƙara masa "im" a gaba, wadda asalinta "in" ce, wato ciki. Shi ne wanda ya fito daga wata ƙasa, ya tsallako iyaka, ya shigo wannan don ya zauna. Suna da ƙanwa, "emigrant", wadda ke kallon mutumin nan ta ƙeya: ƙasar da ya bari ita ke kiransa haka. In muka ari harshen malaman usulu, ta farko gamammiya ce, ta biyu keɓantacciya. Kowane "immigrant" "migrant" ne, amma ba kowane "migrant" ne "immigrant" ba.

Misalan suna gabanmu kullum. Yarinyar da ta taso daga Walewale ko Savelugu ta zo tana dakon kaya a Kejetia ko Makola "migrant" ce, kuma 'yar Gana ce cikakkiya, babu mai tambayarta takardar izinin zama. Manoman Akwapim da Krobo da suka bar garuruwansu tun ƙarshen ƙarni na 19 suka sayi daji a ƙasar Akyem suka dasa koko, da wannan kalmar masaniyar nan Polly Hill ta kira su a littafinta na 1963, kuma babu wanda ya ce sun zama baƙin ƙasa. Da aka datse kogin Volta a Akosombo, ruwa ya tashi mutane kusan 80,000 daga matsugunansu, har da tsohon garin Kete-Krachi. Sun ƙaura, ba su daina zama 'yan ƙasa ba. Ƙasar nan cike take da masu ƙaura daga kowace ƙabila, kuma haka kowace ƙasa mai rai take.

Kalmar "immigrant" ita ce mai sharuɗɗa, kuma guda biyu ne. Na farko, a sami iyakar ƙasa. Na biyu, mutumin da kansa, da ƙafarsa, ya tsallaka ta. Siffa ce da aiki ke haifarwa, kamar alhaji. Ɗan alhaji ba ya zama alhaji sai ya je Makka da kansa, ko da kuwa uban ya yi hajji goma. Haka jikan wanda ya shigo ba ya zama mai shigowa. Ba a gadon kalmar kamar yadda ake gadon gona. Wanda aka haifa a Nima, aka yanke masa cibiya a Nima, ya yi makarantar allo a Nima, daga ina ya shigo? Wace iyaka ya tsallaka, kuma a wace rana?

Sharaɗin farkon ma, idan aka auna shi da tarihi, bai cika a kan kakannin da yawa daga cikinmu ba. Fataken Kano da Katsina sun san hanyar Gwanja ƙarnuka kafin Turawa su shata layi a taswira. Suna kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, suna komawa da goro, kuma inda ayari ke sauka shi ne zango, sunan da muke amsawa har yau. Salaga ta zama birnin kasuwa da karatu tun babu wata ƙasa mai suna Gana. Yaƙin basasar da ya ɓarke a can a 1892 shi ya watsa jama'a zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Ankara. Iyakar arewa kuwa sai a 1898 Ingila da Faransa suka daidaita a kanta. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malamin da aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a 1934, ya zauna a garin yana hannun Jamus, tuta ta sauya zuwa ta Ingila yana zaune a wurinsa. Bayan rasuwarsa, ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1956 ta haɗa yankin da abin da ya zama Gana ranar 6 ga Maris 1957. Iyaka ce ta iske mutanen nan a gidajensu.

A Ankara, Malam Baƙo ɗan Malam Naino ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20 a filin da sarakunan Ga suka ba da, Nima kuma ta fara tsayawa a shekarun 1930. Rundunar da Turawa suka kafa a 1879 suka laƙaba mata sunan Hausawa tana cikin tushen sojan ƙasar nan. Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, a Ankara aka haife shi a 1919, shekara 38 kafin 'yancin kai. Wanda ya nace cewa Zango matattarar "immigrants" ce, sai ya gaya mana a wace tashar iyaka aka buga wa Shehi hatimi.

Wani zai ce wannan duk gardamar malamai ce, kalma ba ta korar mutum. Dattawanmu da suka ga 1969 ba za su yarda da shi ba. Ranar 18 ga Nuwamba na shekarar, gwamnatin Firaminista Kofi Abrefa Busia ta fitar da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samu cikin mako biyu ko ya bar ƙasa. Fiye da mutum dubu ɗari suka fita. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance, an raba miji da mata, an cika motoci zuwa Aflao. Cikin waɗanda suka tafi akwai da yawa da a nan aka haife su, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba. Takardar umarnin ta yi magana a kan baƙi marasa izini, amma a bakin titi da cikin kasuwa, wa aka ɗauka baƙo? Wanda aka saba kira baƙo: mai babbar riga, mai hula, mai jin Hausa, mazaunin Zango. Sunan da aka bari ya manne wa mutum shekara da shekaru shi ya zama shaida a kansa ranar da aka tashi bincike. Shekara goma sha uku bayan haka, a Janairun 1983, gwamnatin Shehu Shagari a Najeriya ta rama da irin wannan kora, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo da kayansu a jakar da har yau take ɗauke da sunan abin da ya faru. Duk sau biyun, talaka ne ya kwana a bakin iyaka.

Yanzu ga abin da doka ta ce, domin kada a ɗauka hujjarmu tausayi ce kawai. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2000, mai lamba 591, ta ce wanda aka haifa a ƙasar nan kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne ta haihuwa idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ma a nan aka haife shi. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 6, ya ce wanda aka haifa bayan fara aiki da shi ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. Sashe na 17 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila ko addini. Babu inda aka lissafa ƙabilun da suka cancanta aka cire Hausa. Har yaron da bai wuce shekara bakwai ba da aka tsinta ba a san iyayensa ba, tsarin mulki ya ɗauke shi ɗan Gana. A lura kuma da ɗaya gefen, domin gaskiya ba ta da rabi: haihuwa a nan ita kaɗai ba ta isa ba, sai ta jingina da uwa ko uba ko kaka. Shi ya sa Kotun Ƙoli a 2020 ta ce takardar haihuwa ba ta tabbatar da zama ɗan ƙasa. Wanda aka haifa a nan amma sarƙar iyayensa ba ta cika ba, yana da hanyar neman zama ɗan ƙasa bisa doka, kuma ko shi ba "immigrant" ba ne a lugga, tunda bai shigo daga ko'ina ba.

To su wa ke ɗora mana wannan suna? Na farko su ne wasu daga cikin 'ya'yanmu 'yan boko masu rubuta takardun neman tallafi. Sun lura cewa masu ba da kuɗi daga Turai zuciyarsu na saurin motsi idan aka ambaci baƙi masu neman mafaka, sai su zana unguwar da ta haura shekara ɗari a matsayin sansanin waɗanda suka sauka jiya. Su karɓi kuɗin gina famfo ɗaya, su bar mana takarda a intanet da za ta fi famfon daɗewa. Gobe wani ɗalibi zai kwafa, jibi wani ɗan jarida, gata wani ɗan siyasa ya ɗaga ta a taro ya ce ai su da kansu suka faɗa. Magana zarar bunu ce. Zango na da bukatun gaske, magudanan ruwa da makarantu da aikin yi ga matasa, kuma majalisa da kanta ta amsa haka da ta yi dokar Asusun Raya Zango ta 2017. Ana iya neman haƙƙi a matsayin 'yan ƙasa da aka bari a baya, ba sai an sayar da asalin zama ba.

Na biyu su ne tafintoci da masu fassara labarai. Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da ɗan ci-rani, mai tafiya bayan girbi ya dawo da damina. Muna da farke, mai tafiya da haja. Muna da mai ƙaura, da ɗan gudun hijira wanda yaƙi ko bala'i ya koro, da baƙon haure wanda ya shigo ta bayan katanga ba da izini ba. Kowace da gurbinta. Amma sai ka ji an zuba su duka a tukunya ɗaya, a fassara "migrant" da baƙon haure, a fassara "immigrant" ma da baƙon haure, alhali babu ko ɗayansu da ke ɗauke da ma'anar laifi sai an jingina mata wata kalma. Tsohuwar da ke sauraron rediyo a tsakar gida sai ta fahimci cewa duk mai ƙaura ɓarawon hanya ne, jikanta kuma da ya ji an kira unguwarsu da kalmar sai ya fara sunkuyar da kai. Tafinta amana ce a hannunsa. Idan ya rage ko ya ƙara, ya zama mai shaidar zur ko da bai yi niyya ba.

Na uku mu ne gaba ɗayanmu, ta hanyar abin da muke cikawa a fom. A tambayi yaro garinsu, ya rubuta Kano ko Sakkwato, alhali shi da ubansa da kakansa duk a Kumasi aka haife su, kuma ko hanyar Kano bai sani ba. Yana jin yana girmama asali ne. Ma'aikacin da ke karanta fom ɗin kuwa abin da ya gani shi ne mutum ya shaida da hannunsa cewa shi ba na nan ba ne.

Mun san abin da za a mayar mana. Za a ce muna gudun asalinmu. Ba mu gudu ba. Muna alfahari da Kano da Katsina da Gobir da Zazzau, muna riƙe da harshen, muna aurar da 'ya'yanmu da al'adar, kuma wannan shafin ma shaida ne. Amma asali tambaya ce daban, zama ɗan ƙasa tambaya ce daban. Ga sun ce kakanninsu daga gabas suka taso, Ewe na ba da labarin fitowarsu daga Notsie da ke Togo ta yau, Dagomba da Mamprusi na da nasu labarin zuwan kakanni daga gabas. Babu wanda ya ce labarin ya cire su daga ƙasa. Wanda ya san inda kakansa ya fito ba ya zama baƙo saboda ya sani.

Za a kuma ce muna ƙyamar 'yan'uwanmu da suka zo jiya daga Maradi ko Damagaram ko Sakkwato. Allah ya kiyaye. Zango ba ta taɓa rufe ƙofa ga matafiyi ba, da ta rufe da ba ta ci sunanta ba. Su "immigrants" ne na gaskiya idan sun zo zama, kuma kalmar ba zagi ba ce. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza su yi kwana 90, bayan haka su nemi izinin zama. Taimakon da za mu yi musu shi ne mu nuna musu hanyar takarda, mu tsaya musu idan aka zalunce su. Cakuɗa matsayinmu da nasu ba ya ƙara musu kariya, yana dai rage tamu, kuma ranar da aka rasa mai tsayayyar ƙafa a unguwa babu mai tsaya wa kowa.

Za a ce su Turawan ma suna cakuɗa kalmomin, musamman idan suna labarin masu tsallaka teku zuwa Italiya. Gaskiya ne suna amfani da "migrant" a can, kuma bai saɓa wa ma'ana ba tunda ita ce gamammiya. Abin da ba za ka ji ba shi ne Baturen Ingila ya kira wanda ya tashi daga Manchester zuwa Landan "immigrant". A gidansu suna kiyaye iyakar kalmar sarai. Mu ne ake so mu yi sakaci da ita a namu gidan.

Ku duba kuma lokacin da kalmar ke ɓacewa. Da Muhammad Kudus, ɗan Nima, ya zura ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2022, babu wanda ya tambayi garin kakansa, ƙasa duka ta yi ta murna da ɗanta. Lokacin kamfe ma kowane ɗan takara ya san hanyar fadar Sarkin Zango. Sai an zo layin katin ɗan ƙasa ko fasfo ko rajistar zaɓe ake tuna cewa sunan wane bai yi kama da na nan ba. Kalmar da ke tafiya ranar biki ta dawo ranar rabo, ai kowa ya san aikin da aka ɗauke ta yi.

Abin da muke kira gare shi kaɗan ne, kuma yana hannunmu. Duk takardar da za ta fita da sunan unguwa, a karanta wa dattawa ita da Hausa kalma bayan kalma kafin a sa hannu, inda aka ga "immigrant" a tsaya a tambayi marubucin wa yake nufi. Malaman makarantun Islamiyya da na boko su koya wa yara bambancin kamar yadda ake koya musu sinun da sadun. Masu shirye-shiryen Hausa a gidajen rediyo su mayar wa kowace kalma gurbinta. A fom a rubuta gaskiya, wato garin da aka haifi uba da kaka. A yi wa jariri rajistar haihuwa tun cikin shekararsa ta farko, lokacin da ake yin ta kyauta. Tsofaffin takardun da ke cikin adaka, na fili da na haraji da littafin sallamar soja da tsohon fasfon hajji, a ciro su a ɗauki hotonsu a adana, domin su ne ke haɗa jika da kaka idan aka nemi hujja. A zauna da tsofaffin da suka rage a rubuta wa ya haifi wa, kuma a ina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa kuwa ba ta shekara ɗari a wuri ɗaya, ba ta gina masallaci, ba ta da maƙabartar kakanni. Wanda ya kira mu da sunan da ba namu ba, mu gyara masa cikin ladabi da hujja, ko ma'aikaci ne ko ɗan jarida ko ɗan da muka haifa.

Allah ya ba ƙasarmu Gana lafiya da zaman lumana, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu fi ƙarfin harsunanmu da alƙalumanmu. Wassalamu alaikum.